RANAR DA FARAR KAT-KAT TA DAINA ZUWA, WA ZAI TSAYA MA DAKORO?



Yau ba labarin biki ko na farashin tiyar hatsi na kawo muku ba. Magana ce da ta daɗe tana ci mini rai, kuma na san za ta sosa ma wasu inda ke masu ƙaiƙayi. Wanda ta taɓa ya yi haƙuri, ni ma ta taɓa ni.

A damanar da ta wuce, cikin watan takwas, wajen ƙarfe ɗaya na dare waya ta tashe ni. Wani abokina ne ma'aikacin jinya. Ya ce an kawo wata yarinya 'yar shekara uku bisa amalanke daga wani ƙauye na arewa, palu ya shanye mata jini, tafin hannunta ya yi fari fat. In ba a ƙara mata jini ba kafin safiya, sai dai wani ikon Allah. Uban yana eksod. Uwar tana da tsohon ciki, ba a ɗibar nata. Baffanni biyu suka rako su. Na farko ya ce, "Likita, in na ba da jinina ƙarhina zai tahi, wa zai yi mani maimai?" Na biyun ya ce bari ya sawo katin waya ya dawo. Har yau bai dawo ba.

Na je, aka gwada nawa, bai dace da nata ba. Sai na rubuta a gurup ɗinmu na WhatsApp na 'yan gari, inda mun fi mutum ɗari. Na ga alamar an karanta. Amsoshi suka fara shigowa: "Allah shi ba ta lahiya." "Allah shi sa kaffara ne." Wani har da hoton hannu biyu a ɗage. Addu'a na da kyau, ba ni da ja. Amma ko mutum ɗaya bai taka ƙafa ya zo ba.

Wanda ya ba da jinin wani ɗan kabu-kabu ne da ya kawo wata mai naƙuda, yana zaune bisa babur yana jiran kuɗinsa. Bai san yarinyar ba, bai san garinsu ba. Ya ji muna maganar, ya ce, "A gwada nawa mana." Ya dace. Aka ɗiba, ya sha lemu ɗaya, ya hau babur ya tafi. Bayan kwana biyar yarinyar ta koma gida da ƙafarta.

Washegari na ba da labarin a fada muna shan shayi. Wani abokinmu, mai ilimi ne kuwa, ya yi lakwal har ya ƙure, ya dube ni ya ce: "Kai ma dai da neman suna. Wanga ai aikin ONG ne da gwamnati. Su aka ba kuɗɗi, mi ya kai ka?" Aka yi dariya aka wuce. Ni ban wuce ba, don wannan jimla tasa ita ce ciwon da ya kama garin nan, kuma da ita nake faɗa yau.

Bari mu koma baya kaɗan mu ga inda muka samo ta. Duk wanda ya mallaki hankalinsa a 2005 ya tuna abin da ya biyo bayan fari da farin ɗango na 2004. Yara sun zube kamar ganyen kaka. A shekarar nan ce likitocin MSF suka buɗe cibiyar kula da tamowa a nan Dakoro, kuma a faɗin Nijar sun yi jinyar yara masu tsananin tamowa sama da 60,000 cikin wannan shekara guda. Daga baya ALIMA, wadda aka kafa a 2009, tare da BEFEN, ƙungiyar likitocinmu 'yan ƙasa, suka yi shekaru suna wannan aiki a Mirriya da nan Dakoro. Akwai samari yau da ke buga ƙwallo a filayenmu, akwai 'yan matan da aka kai ɗaki, waɗanda da ba don Allah ya kawo waɗannan mutane ba, da yanzu sai dai a nuna maka ƙananan kushewarsu a bayan gari. Wanda ya musa wannan butulu ne.

Amma magani mai ƙarfi yakan bar ɗaci a baki. Cikin shekaru ashirin ɗin nan mun koyi wata mummunar ɗabi'a: duk abin da ya shafi lafiya, sai mu ɗaga kai mu dubi hanyar Maradi ko farar kat-kat na tafe. Kalmar "furoje" ta shiga bakin tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba. Ita kuma kalmar "perdiyam" ta kashe mana zuciya. Kira taron unguwa a kan yashe magudanar ruwa ko kwashe jujin da sauro ke haihuwa a ciki, tambayar farko ita ce, "Akwai wani abu?" In ka ce babu, tabarma za ka naɗe kai kaɗai. Kira formasiyon kwana uku da jikka biyar-biyar, har wanda ke jinya zai taso, kuma fuskokin da suka zo na bara su ne na bana. Mutum ya yi formasiyo bakwai a kan wanke hannu, gidansa babu ko buta a bakin salga. Mun mai da ciwon 'ya'yanmu hanyar cin abinci, kuma ko kunya ba mu ji.

To ga abin da muka manta: zanen aro ba ya rufe katara. A watan bakwai na 2008 gwamnatin lokacin ta dakatar da aikin MSF ta Faransa a jihar Maradi, kafin shekarar ta ƙare suka tattara suka tafi. A farkon 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta tsayar da tallafin da take ba ƙasashen waje, ta rufe hukumar USAID, ayyukan lafiya da yawa a Afirka suka tsaya cik. Babu wanda ya zo Korahan ko Bader Gula ya tambayi uwar da ɗanta ke shan maganin tamowa ko ta yarda. A wani ofis mai nisan dubban kilomita aka sa hannu, magana ta ƙare. Haka furoje yake: yana da ranar farawa, yana da ranar rufewa, an rubuta su tun kafin a sauke kaya. Shi kuwa palu ba ya da ranar rufewa. Duk damana yana nan tafe, ko da kat-kat ko babu.

Na san abin da abokina na fada zai ce: "Ai muna da gwamnati, haƙƙinta ne." Gaskiya ne, kuma ba zan sauke mata ko tsinke daga kayanta ba. Ita ke da alhakin gina CSI, da ɗaukar lokotoro da sajfam, da biyan su, da kawo magani. Tun 2006 doka ta ce jinyar yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ce, kuma kowa ya san yadda jinkirin mayar ma cibiyoyi kuɗinsu ya daɗe yana barin kantar magani wayam, har a miƙa ma uwa odonans a ce ta je farmasi. A Abuja a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, mu dai ba mu kai nan ba. Wannan duk abin faɗa ne, mu faɗe shi da babbar murya. Sai dai ina tambaya: gwamnati ce za ta miƙa hannu a ɗebi jini ƙarfe ɗaya na dare? Jini ba a ƙera shi a masana'anta, ba ya zuwa cikin kwali daga Turai. Daga jikin ɗan Adam yake fitowa. Minista ne zai shiga gidan maƙwabcinka ya ga yaron da ƙafarsa ta kumbura? Akwai aikin da ko gwamnatin da ta fi kowace kuɗi a duniya ba ta iya yi sai da mutanen unguwa.

Akwai kuma wani ɓangare, masu cewa, "ONG duka 'yan leƙen asiri ne, su tahi, mun ƙoshi." Ina girmama kishin ƙasa, kuma hukuma na da ikon bincikar duk wanda ke aiki a ƙasarta. Amma ɗan'uwa, in ka kori mai ɗaukar maka jinka, sai ka kawo kanka ka ɗauka. Nawa ka zuba a asusun unguwarku? Sau nawa ka ba da jini? In amsar babu ce, to kishinka a baki ya tsaya. Mai jiran furoje da mai zagin furoje, in ka duba da kyau, tabarma ɗaya suke zaune: dukansu hannunsu na cikin aljihu.

Alhali kuwa masu aikin suna nan cikinmu, mu ne ba mu ganin su. Rele na ƙauye, wanda ke bi gida-gida yana duba yara, yana tura mai tsanani kaz-de-sante ko CSI, sau da yawa da ƙafa, ɗan abin da ake ba shi kuma sai ya yi watanni bai gan shi ba. Masu rabon maganin rigakafin palu na damana, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya kowane wata: su ba da na ranar farko da hannunsu, su bar ma uwa na kwana biyu, su dawo wata mai zuwa cikin ruwa da caɓi. Matron da ke raka mai ciki awo, ta kwana zaune a matarnite ba dangin iya ba na baba. Uwayen da aka koya ma awon damtsen yaro da ɗan ma'aunin nan mai launi uku: tsanwa lafiya, ɗorawa a yi hattara, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, a ruga likita. A nan Nijar, a Mirriya, aka gwada aka tabbatar uwar da ba ta yi boko ba tana iya wannan awo daidai, yau ƙasashe da dama sun ɗauka.

Mi muke saka masu da shi? Zargi. "Ai ci suke yi." "An ba su kuɗɗi sun ɓoye." Maigida ya hana su shiga, ya ce maganin na hana haihuwa ne, don wani da bai taɓa gani ba ya faɗa a saƙon murya. Uwa ta karɓi na kwana biyun ta jefa a bayan randa. Pulampin da aka ba yaro mai tamowa, wanda magani ne ba kayan kwaɗayi ba, sai ka gan shi a faranti ranar kasuwa, ƙato da gemunsa ya saya yana tsotsa. Kai mai saye, abincin marar lafiya ka ci. In yaron nan ya mutu, da hannunka a ciki.

Ban manta da ku ba, 'yan ƙungiyar jaka. Shugaba kai ne, ma'aji matarka, sakatare ƙanenka, ofis kuwa jakar da ke rataye a kafaɗarka, da hatimi da takardar izini a ciki. Ba a ganin ku sai an ji ƙishin-ƙishin wani furoje zai sauka. Da ku da masu kai sabulu uku asibiti su ɗauki hoto talatin, har da fuskar marar lafiya ba da izininsa ba, ku ne kuka sa in mutumin kirki ya ce a kafa ƙungiya sai a yi masa kallon ɓarawo. Ku ji tsoron Allah. Talaucin mutane ba gona ba ne.

Abin da ya fi ba ni haushi, taimakon juna ba baƙo ba ne a ƙasar nan da za a ce sai an zo an koya mana. Da gayya kakanninmu suka noma gonar marar lafiya da ta gwauruwa. Tun shekarun 1960 ƙauyukan jihar Maradi ke da sekuris da matron, mutanen da gari ya zaɓa da kansa, da ɗan akwatin maganinsu, tun kafin taron Alma-Ata na 1978 ya gaya ma duniya cewa lafiya daga unguwa take farawa. Zamanin Kunce samariya ta gina azuzuwa da hannunta. 'Yan'uwanmu Fulani na da habbanaye: a ba wanda dabbobinsa suka ƙare aron karsana, ta haihu ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Mata Masu Dubara kuwa, asusun da ƙungiyar CARE ta fara da matan jihar Maradi a 1991 bisa tsarin adashin da suka riga suka sani, yau ana kwaikwayonsa a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Duniya ta zo nan ta ɗauki darasi wajen iyayenmu mata, mu kuma 'ya'yansu muna zaune muna jiran a kawo mana tabarmar zaman taro.

Yanzu bari in zo kan waɗanda ba su da furoje, ba su da rele, ba su da mai magana da yawunsu: masu taɓin hankali da masu ciwon damuwa.

Kowa a garin nan ya san aƙalla gida ɗaya da ke da ɗakin da ba a buɗe ma baƙo. A ciki akwai ɗan Adam da mari a ƙafa, ko an ɗaure shi a turu, wani shekara biyu, wani biyar. Ba don iyayensa ba su son shi ba. Sun kai shi wajen malam, sun kai shi wajen masu bori, sun sai da akuya da rago, sun gaji. An ce masu sai Maradi, ko Pavillon E na babban asibitin Yamai, ɗaruruwan kilomita, da kuɗin mota na mutum uku don ba ya tafiya shi kaɗai. Sai suka zaɓi sarƙa. Wanda kuma ba ya da mai ɗaure shi, yana yawo a tasha, yaranmu na bin shi da jifa, mu manya muna dariya.

Waɗannan su ne na fili. Na ɓoye sun fi yawa. Saurayin da aka kwaso daga Aljeriya aka zubar a hamada kusa da Assamaka, ya dawo gida hannu wofi, ba ya barci, ba ya magana, an ce "ya zama miskili". Makiyayin da ya ga garkensa ya ƙare a kwarin Tarka da wajen Gadabeji a 2010, bai sake zama daidai ba. Mai jegon da ke kuka ba dalili, ba ta son ɗaukar jaririnta, uwar miji na cewa sangarta ce. Yarinyar da aka cire daga lakwal saboda farfaɗiya, ana gudun miyaunta wai ana ɗauka, alhali farfaɗiya ba a ɗaukar ta, kuma akwai ƙwaya mai arha da ke tsayar da ita ga mutane da yawa in ana sha kullum. Ga yaranmu da tramol da sholisho suka cinye, waɗanda ba mu da abin ba su sai zagi da kulki.

Ba na faɗa da addu'a ko ruƙiyya. Ni ma in ɗana ya kwanta, ina tofa masa kafin in ɗauke shi zuwa likita. Abin da nake cewa, a haɗa biyun, kuma a kwance sarƙa. Ciwon ƙwaƙwalwa ciwo ne kamar hawan jini, da yawansa na jin magani. Wani kuma ba ƙwaya yake bukata ba, kunnen da zai saurare shi ba tare da an kai labarinsa bakin rijiya ba yake nema. A Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, da ya ga likitoci irinsa ba su isa ba, sai ya koya ma tsofaffin mata yadda ake sauraren mai damuwa, aka ajiye masu benci a harabar asibitocin Harare. Bincike ya nuna masu zuwa wajensu na samun sauƙi ƙwarai. Benci da kaka. Dakoro ta rasa benci ne, ko ta rasa kakanni? Wace unguwa ce ba ta da inna ko gwaggon da kowa ke kai ma kuka? Abin da ya rage a roƙi ma'aikatan lafiya su koya masu gane wanda zance zai ishe shi, da wanda dole a miƙa shi gaba, musamman mai cewa ya gaji da rayuwa. Irin wannan magana ba a ɗaukar ta wasa.

Za a ce, "Malam, talauci ne. Mutanen da ke auna tiya ɗaya su kwana, mi za su tara?" Na yarda akwai talauci, a cikinsa na tashi. Amma mu yi lissafi. Gida 1,000, kowane gida dala ashirin a wata, wato 100 F, kuɗin da bai kai na shayin zama ɗaya a fada ba. Jikka ɗari ke nan duk wata, 1,200,000 F a shekara. Esans na ambilans sau nawa ke nan zuwa Maradi, ga matar da haihuwa ta gagara? Maganin farfaɗiya na yara nawa? Ban ma sa 'yan kasuwarmu ba, da ma'aikatanmu na Yamai, da 'ya'yanmu na Agadas, Jado, Kano da Libiya, masu aiko da kuɗin anko ta Nita da Al Izza cikin minti biyar. Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, Umra ta bana ita ce ta nawa? Ba na hana ka, amma ka tambayi malaminka ladan wanda ya ceci rai guda.

Matsalar gaskiya ita ce amana. An sha tara kuɗi an cinye, shi ya sa kowa ya noƙe. To maganin wannan ma yana wajen mata. Akwatin asusunsu kwaɗo uku gare shi, makullai a hannun mutum uku, akwatin a gidan ta huɗu, ba a buɗe shi sai gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Shi ya sa nasu ke shekara da shekaru, namu na maza ke mutuwa a wata na uku. Mu sauke girman kai mu koya.

Ga abin da nake roƙo, kuma babu ɗaya a ciki da ke bukatar farar kat-kat.

Na ɗaya, kowace fada ta samari ta je a gwada jinin 'ya'yanta, a rubuta suna da rukunin jini da lambar waya, a ba majo kofi tun kafin ruwan farko ya sauka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lafiyayyen mutum da ya kai shekara 18 da kilo 50 yana iya bayarwa, abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki na mayar da shi, namiji na iya sakewa bayan wata uku. Ba ya rage ƙarfin noma, ba ya rage na aure, tunda na san shi ne tambayar da ke ranku.

Na biyu, kowace unguwa da kowane ƙauye, daga Kornaka zuwa Sabon Mashi, daga Birnin Lalle zuwa Azagor, a kafa asusun gaggawa mai kwaɗo uku, a riƙa karanta lissafinsa a fili duk wata. Kwamitin COGES na CSI kuma ya daina zama na mutum uku da ba a san ranar da aka zaɓe su ba. Namu ne, mu halarci zamansa, mu tambaya.

Na uku, rele da matron na garinku, a yi masu gayya a gonarsu ranar da suke yawon rabon magani. Wanda ya bar gonarsa don 'ya'yanku, bai kamata ciyawa ta cinye ta ba.

Na huɗu, malamanmu da limamanmu, Allah ya ƙara maku daraja: huɗuba ɗaya a kan ba da jini, ɗaya a kan haƙƙin mai taɓin hankali. Maganarku ɗaya ta fi formasiyo goma. Sarakunanmu da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku: ku sa a san gidajen da ke da ɗaurarre, cikin sirri da mutunci, a haɗa su da likita, a hana yara jifa.

Na biyar, ƙungiyoyin waje da na gida masu aikin gaskiya, mun gode. Amma tun ranar da kuka sauka ku gaya mana ranar tafiyarku, ku zauna da mu a shirya wanda zai riƙe. Ku rage raba ambulan a taro, kun ga inda ya kai mu. Ku tuna da rugage da zangon Buzaye na arewa, inda amalanke ke kwana a hanya kafin ta kai kaz-de-sante.

Ni ma ba wanke kaina nake ba. Na karɓi perdiyam a taron da ban tsinana komi ba. Na wuce ɗaurarre na kau da kai. Sai da wani yaro bisa babur, wanda ba ya da digiri, ba ya da hatimi, ba ya cikin gurup ɗin kowa, ya nuna mini iyakata. Na neme shi daga baya a tasha in yi masa godiya, na miƙa masa jikka biyu. Ya dube ni ya ce, "Haba Baba, sai da mata na yi? Ta tashi dai?" Na ce ta tashi. Ya ce, "To alhamdu lillahi," ya ta da babur, don wata mata na kiran shi da kaya a kai.

Abokina na fada, na san kana karantawa. Ba na fata, amma ranar da aka kira ka ƙarfe ɗaya na dare aka ce taka ɗiyar ce ke kwance tafin hannunta fari, ba ONG za ka kira ba. Mu za ka kira. Ka taimaka mu zama mutanen da za su zo.

Damana na tafe. Ni dai sunana na kan takardar masu ba da jini ta fadarmu, mu tara ne zuwa yanzu. Wanda ke da ja a kan abin da na faɗa, ga fili ga mai doki, amma ya zo da rukunin jininsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, na fili da na ɗaki. Allah ya ba mu damana mai albarka. Amin.